TAMBAYI MAI WAYARIN: Soket ya shiga, amma mita sai ƙarya take min

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan karon saƙonnin da suka taru kusan duk a kan abu ɗaya suke, wato mitar dashbod, wannan agogon da ke bayan sitiyari mai nuna gudu da mai da zafin inji, wasu suce mita wasu suce maleji, duk dai abu ɗaya ne. Kamar an haɗa baki wallahi. To bari mu fara da na Kano don shi ne ya fi cin rai.

TAMBAYA: Salam Oga, barka da aiki. Dan Allah ina da Camry Big Daddy 2003 mai fulogi huɗu, tunda na saye ta allurar gudu take maƙalewa, to da na tashi canzawa sai naga mitar 2005 a hannun wani mai kayan Beljiyam a Ƙofar Ruwa, irin mai hasken nan da in ka kashe mota fuskar take komawa baƙa ƙirin, gaskiya ta burge ni na saya. Mai wayarin ɗina yace ai soket ɗaya ne, ya ɗan taɓa wayoyi biyu ya jona, ta kawo wuta kuwa tayi kyau abinta. Amma yanzu in mota na tsaye a silo allurar inji 500 take nunawa maimakon wajen 750 da na saba gani, fitilar cek ta kama, ga wata fitila mai rubutun VSC da bata mutuwa sam, kuma giyar ta fara duka in zata canza. Shi yace birenbos ce ta fara mutuwa in nemo wata. Ya zanyi? Daga Rijiyar Zaki, Kano.

AMSA: Wa alaikumussalam ɗan'uwa. Abu na farko, riƙe kuɗinka, kar ka sayi birenbos, wato kwamfutar da ke sarrafa injin. Motar da jiya lafiyarta ƙalau yau an sa mata baƙuwar mita ta fara rikici, ai ba sai an je wajen mai duba ba, baƙon za a tuhuma.

Kuma lambobin da ka turo su suka tona asirin. 500 kashi biyu cikin uku ne na 750, ka lissafa ka gani. Inji mai fulogi huɗu duk juyi ɗaya sau biyu yake bada tartsatsi, mai fulogi shida kuma sau uku. Mitar da aka ƙera don V6 sai ta ƙirga bugu uku kafin tace anyi juyi ɗaya, kai kuma injinka biyu yake aiko mata, shi yasa take rage maka lissafi. Kenan abin da aka sayar maka mitar V6 ce, kuma daga motar da ke da VSC aka ciro ta, wato na'urar nan mai hana mota santsi a kwana. Irin waɗannan fitilun na gargaɗi da gangan aka yi su yadda in basu ji daga kwamfutarsu ba sai su kama, to ita taka motar babu wannan kwamfutar balle ta ce wa fitilar ta mutu, haka zata zauna a kunne har a naɗe ƙasa.

Maganar cek da dukan giya ita ce ta fi damuna. Mutane sun ɗauka mita kamar agogon bango ce, ka cire ka rataya wani. A Toyota da yawa na wannan zamanin labarin gudun mota sai ya fara shiga cikin mita tukunna sannan ita ta miƙa wa birenbos ta wata wayar daban, wato mitar 'yar aike ce ba 'yar kallo ba. In wayar fitar nan bata faɗa ramin da ya dace ba allurar gudu tana iya motsi lafiya lau kana ganin 60, 80, amma birenbos bata san ana tafiya ba. Ka kai a saka mata kwamfuta, in kaga lambar P0500 to magana ta ƙare, wannan ce. Ƙari a kan haka Camry mai fulogi huɗu ta 2003 giya huɗu gare ta, a 2005 da suka yi wa motar kwaskwarima suka koma giya biyar, don haka har 'yan fitilun da ke nuna giyar da kake ciki ba lallai su dace ba.

Shi mai wayarin ɗinka da yace soket ɗaya ne, ba ƙarya yayi ba, amma kama da wane ba ta wane. Kamfani yana iya shekara goma yana amfani da robar soket iri ɗaya don ya rage kuɗin ƙira, amma ramin da a bara wayar tankin mai ce a ciki bana sai ka tarar wayar wuta ce. Launin waya ma haka, kar ka yarda da shi tsakanin shekara da shekara. Ni kaina na sha wannan, ina sabon fita daga hannun maigidana wani bawan Allah ya kawo min mita zan sa masa, naga soket ya shige har da ƙaras ɗin nan mai daɗin ji, na murɗa makulli, allurar mai ta harba sama da ƙarfi ta daki fil, sai ga wani siririn hayaƙi ta gefen gilashin da warin ƙonannen roba wanda har yau in na tuna sai naji shi a hanci. Da na buɗe bayanta layin tagulla ɗaya a jikin allon ya ƙone yayi baƙi kamar an ja zare a toka. Wutar batir na tura cikin layin fulot, wato ma'aunin man da ke cikin tanki. Kuɗin aikina na sati biyu ne suka tafi a biyan mitar, kuma mutumin bai ƙara dawowa ba, ban ga laifinsa ba.

To yanzu mafita. Wadda ni zan baka in ƙanena ne kai, ka ɗauki mitar ka mayar Ƙofar Ruwa ko da za a ɗan ci ka tara, ka tafi da tsohuwar a hannu. A jikinta akwai farar takarda manne da lamba, ta Toyota da 83800 take farawa sai wasu biyar su biyo baya, waɗannan biyar ɗin su ne sunan mitar na gaskiya, ba 2003 ko 2005 da mai shago zai faɗa maka ba, shi kansa a buhu aka kawo masa daga Ladipo ko Kwatano bai ga motar da aka farke ba. Ka nemo mai lamba iri ɗaya ka jona ka huta. Kuma ka tabbatar da shekarar motarka ma, don da yawa abin da dillali ya faɗa suke riƙewa. In 'yar Amurka ce ka duba lambar bodi mai harafi 17 da ke ƙasan gilashin gaba ɓangaren direba, ka ƙirga zuwa na goma, in 3 ne 2003 ce, in 5 ne 2005, haka har 9, daga 2010 kuma sai su koma harafi su fara da A. Nasha ganin mai rantsuwa motarsa 2005 ce ashe fitilu da bamba kawai aka canza mata.

Af, kafin in manta, ita tsohuwar da kace allura na maƙalewa ba lallai ta mutu ba fa. Sau da yawa dalma ce ta tsage a ƙafar ɗan ƙaramin injin da ke juya allurar, ko ƙura ta cika shi, mai gyaran rediyo ko mai gyaran waya mai natsuwa zai iya ɗora mata dalma cikin minti ashirin, kuma malejinka na gaskiya, wato lissafin tafiyar da motar ta yi, yana nan a cikinta.

In kuma ka kafe sai mai hasken, wadda Toyota ke kira Optitron, to aƙalla ka canzo ta 2005 mai fulogi huɗu marar VSC, don lissafin juyin injin nan a cikin kwakwalwar mitar yake, ba waya ce za a sauya ya gyaru ba. Kuma kace a yanko maka ita da soket ɗinta da wutsiyar wayoyi kamar taƙi ɗaya. Daga nan aikin na mai haƙuri ne. A samo zanen wayarin na shekarun biyu, yanzu ana samu a intanet, a ɗauko takarda a ja layi a tsakiya, hagu motarka dama sabuwar mita, a bi su ɗaya bayan ɗaya: wutar da bata mutuwa, wutar makulli, at, hasken dare, sigina hagu da dama, doguwar fitila, baƙin mai, caji, hambirki, ƙofa, fulot, zafin inji, gudu mai shiga, gudu mai fita, juyin inji. Duk wadda aka gano a rubuta lambar raminta a ɓangarorin biyu kafin a taɓa komai. Hasken dare nan ne ake yawan tuntuɓe, don tsohuwar taka sai ka kunna fitila take haske, ita Optitron da ka murɗa makulli take kamawa, kunna fitila ma rage mata haske yake yi, kaga aikin wayar ba ɗaya bane.

Kar a yanka wayarin ɗin mota, wannan ina roƙonka. Ko dai a haɗa ɗan tsani tsakanin soket ɗin mota da wutsiyar da aka yanko, ko kuma a sa siririn ƙarfe kamar allura a danne ɗan harshen da ke riƙe fil a zaro shi a mayar ramin da ya dace, yadda gobe in abu ya ƙi za a iya komawa gidan jiya. Inda aka haɗa waya a sa dalma a rufe da robar nan mai tsukewa in taji wuta, banda murɗawa da haƙori a naɗe da salatif, motar da zata wuni a rana a watan Afrilu a Kano cikin dashbod ɗinta kamar tanda yake, gam ɗin salatif narkewa yake ya saki. A cire kan batir na nagetib a jira minti ɗaya da rabi kafin a fara, saboda eyabag, kuma duk soket ɗin da kuka gani rawaya ba naku bane, a bar shi. Sannan testa mai ƙwan fitila ɗin nan da 'yan uwana ke caka wa kowace waya, banda ita a layin da ya nufi birenbos, a sa mitar gwajin wuta mai lamba.

In an gama kar ka yarda da ido. Ka buɗe manhajar GPS a wayarka wani ya riƙe maka ku hau titi mai kyau ku gwada gudun, ɗan bambancin kilomita uku huɗu ba komai bane. Allurar mai kuma ka cika tanki ka gani ko ta kai F, don shi fulot juriyar wuta yake canzawa kuma kowane kamfani da ma'auninsa, tsofaffin Toyota wajen om 3 a cike wajen 110 in ya ƙare, tsofaffin motocin GM na Amurka kuma 0 in babu mai 90 in a cike, kaga juyin waina kenan. Mita da fulot in ba 'yan gida ɗaya bane sai ta nuna maka kwata kana tsaye a dajin Falgore kana ɗaga wa mutane jarka.

TAMBAYA: Malam ina da Golf 4, gilashin lambobin mitar ya mutu sai na sayo wata aka sa min, tun daga nan mota zata tashi ras amma kafin in ƙirga uku ta mutu, an canza famfon mai an canza fulogi duk a banza. Daga Gusau.

AMSA: Kash, anyi asarar famfo. Ka murɗa makulli ka kalli mitar, zaka ga wata 'yar fitila mai hoton mota da makulli tana ƙiftawa. A Golf 4 mai gadin motar a cikin mita yake zaune. Kan makullinka akwai wani ɗan ƙwayar abu kamar ƙwayar shinkafa, zoben da ke bakin ramin makulli ya karanta shi ya kai wa mita, in ta san shi sai ta ce wa birenbos a bar inji ya ci gaba, in bata san shi ba bayan sakan ɗaya ko biyu a yanke mai. Ita wannan da ka sayo makullan wani Bature can ta sani, kai ɓarawo ta ɗauke ka.

Gwajin mai sauƙi ne, mayar da tsohuwar ka jona soket biyun, shuɗi da kore, zaka ga ta tashi ta zauna. Daga nan ko dai a gyara gilashin tsohuwar, wanda shi na fi so, ko a nemi mai kwamfutar VCDS da ya iya ciro lambar sirrin mitocin ya gabatar da sabuwar ga birenbos da makullanka, kuma ka je da duk makullan da kake da su rana ɗaya don wanda aka bari a gida zai daina aiki. Ka duba lambar jikinta ma, na farko-farko da 1J0 919 suke farawa, na baya da 1J0 920, ba'a musanya su haka kawai, sannan ta dizal daban ta fetur daban. Akwai masu ce maka kawo a kashe tsaron gaba ɗaya a birenbos, eh yana yi, amma ka sani daga ranar duk wanda ya iya murɗa ramin makullin ya tafi da ita.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni malamar makaranta ce, ina da Peugeot 307. Allurar zafi ce take hawa da sauka sai bakanike ya aro mitar wata 307 a garejin ya jona don ya gwada, ko minti biyar ba'a yi ba ya mayar da tawa. Ina shiga mota naga malejina da yake 164,000 ya koma 281,000. Yace wai zai sauka da kansa, yau sati uku. Ni kuma so nake in sayar da ita bayan sallah. Daga Unguwar Rimi, Kaduna.

AMSA: Wa alaikumussalam Malama, sannu da haƙuri. Bazai sauka ba, ko shekara za'a yi. Su Faransawa a 307 da 206 na baya-baya waje biyu suke ajiye maleji, a cikin mita da kuma cikin wani akwati da ake kira BSI wanda yake tare da fiyus-fiyus a ƙarƙashin dashbod, shi ne sarkin gidan duk wata wutar cikin mota. Duk sanda aka kunna sai su biyun su gwada lambarsu, wadda ta fi yawa ita ce zata zauna a duka biyun. Sun yi haka ne don maganin masu rage maleji, sai gashi ya faɗa kan mai gaskiya. Da ya jona ta aron BSI ɗinki ya kwashi 281,000, da ya mayar da taki ita kuma ta kwasa daga BSI.

Gyaran sai wanda ya iya karanta 'yan ƙananan ƙwayoyin ajiya na cikin akwatunan biyu, kuma dole a gyara su tare, in aka gyara ɗaya aka jona ɗayan zai sake shafa masa. Hakkinki ne bakaniken ya ɗauki nauyin wannan, kuma tun yanzu ki sa ya rubuta miki a takarda abin da ya faru da kwanan wata da lambobin biyu ya sa hannu, ki haɗa da duk wani rasit na juyen baƙin mai da ke nuna tsohon malejin, mai saye ya gani da idonsa. A mayar da ita 164,000 a ƙara abin da kika taka a sati ukun nan, banda ragi.

Ga masu 307 baki ɗaya kuma, wadda aka yi daga 2001 zuwa 2005 da wadda aka yi wa sabuwar fuska daga 2005 ba yare ɗaya kwamfutocinsu ke ji ba, ta farko VAN ta biyu CAN, to a nan babu maganar sauya fil ko zanen waya, wayoyi biyu ne a murɗe da juna suke ɗauke da labarin gudu da zafi da juyin inji duka, in mita bata jin yaren ko ka shekara kana jona waya allura bazata motsa ba. Kamfanin Bosch na Jamus ne ya fito da CAN ɗin nan a 1986, kuma daga 2008 duk motar da za'a sayar a Amurka sai da shi, don haka masu Camry Muscle da Honda Evil Spirit da abin da ya biyo bayansu ku ma wannan maganar ta shafe ku, zamanin bin waya da testa ya wuce a motocinku. Kuma a Peugeot in za'a cire batir a kashe mota a bata kamar minti uku BSI yayi barci tukunna, shi baya son a fizge masa wuta yana ido biyu.

TAMBAYA: Oga Corolla ta 'yar Amurka ce mil take nunawa, zan iya sa mata mai kilomita? Daga Sakkwato.

AMSA: Zaka iya, ka nemi wadda aka ciro daga 'yar Kanada mai shekara ɗaya da inji ɗaya da giya ɗaya da taka, su kilomita suke amfani da shi kuma wayarin ɗin gidan ɗaya ne. Amma ni da kai ne bazan kashe ko sisi ba, ka duba cikin da'irar akwai ƙananan lambobi, su ne kilomita. Mil ɗaya kilomita 1.6 ne da ɗan ɗoriya. Kwanaki wani yaro yake min ƙorafi wai motarsa bata gudu, daga Kano zuwa Zariya bai iya wuce 80 ba take fara rawa, na leƙa naga mil ne, nace ɗana kilomita kusan 129 kake yi, a titin da doka ta tsayar wa ƙananan motoci 100. In allurarka ta taɓa 60 ka kusa 97, ka riƙe wannan kawai ya ishe ka. Juyen baƙin mai ma in kilomita 5,000 kake bi to a mitarka mil 3,100 ne. Masu canza takardar fuskar kawai su sani ƙidayar ƙasa tana nan a mil.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe ni sana'ata saye da sayar da motoci, akwai wata da ta nuna 240,000 kuma wallahi injin garau yake, amma masu saye da sun ga lambar sai su ja baya. Nawa ake mayar da ita kamar 110,000 kuma wa zaka haɗa ni da shi? Daga Abuja.

AMSA: Alhaji ba zan haɗa ka da kowa ba. Na san ana yi, ɗan ƙwaya ne mai ƙafa takwas a bayan mitar, kuma irin aikin da na ce a yi wa Malama a sama kayan aikin ɗaya ne, amma ita gaskiya za'a mayar mata kai kuma gaskiyar kake so a binne. Hadisin nan na mai sayar da abinci da ya ɓoye jiƙaƙƙen a ƙasa ka san shi, Manzon Allah (SAW) yace wanda yayi algus baya tare da mu. Wanda zai saya da lambar nan zai yi lissafin ranar canza bel da man giya, ka ɓata masa lissafin wata rana ta tsaya masa da iyali a hanya. Can Amurka inda motar ta fito tun 1972 laifi ne a dokar tarayya, har in aka canza mita bisa lalura kuma ba'a iya saita lambar ba sai an manna takarda a jikin ginshiƙin ƙofar direba. Kuma yaran yanzu sun waye, lambar bodi zasu tura a ciro musu rahoton Carfax suga a wane maleji ta bar can, wani ma robar fedal ɗin birki da ta cinye da sitiyarin da ya yi sulɓi kawai zai kalla. In injin garau ne kace a kawo bakanikensu ya gwada, ka rage ɗan wani abu a kuɗin.

TAMBAYA: Baba ina gaisuwa. Marsandi V-boot ce ta mahaifina nake lallaɓawa, na cire duk ƙwayayen fitilar cikin mitar na sa LED shuɗaye, tayi kyau da daddare ba'a magana, amma tun daga lokacin kwana biyu uku batir sai ya sauka, an ce altaneta ce. Daga Funtuwa.

AMSA: Yaro garin neman gira zaka rasa ido. Altanetarka lafiyarta lau in sha Allahu. Fitilar nan ja mai hoton batir ba gargaɗi kaɗai take yi ba, a tsofaffin motocin Jamus ta cikin wannan ɗan ƙwan 'yar wuta take bi ta gangara wa altaneta a ƙafar da aka rubuta D+, da ita take samun abin tashi ta fara caji, kamar yadda ake zuba wa famfon burtsatse ɗan ruwa kafin ya fara jawowa. LED kuma wutar da yake ci bata taka kara ta karya ba, sai altanetar ta zauna shiru, wani lokacin sai ka taka totur sosai sannan ta farka, in zirga-zirgar cikin gari kake a hankali kaga batir kaɗai ke ɗauke da motar.

Ka zaro mitar ka mayar da ƙwai na asali a ramin fitilar batir, ƙwayayen gargaɗin da ke layi ɗaya da ita ma ka mayar musu da nasu, shuɗayen ka bar su a na hasken fuska kawai in Baba bai hana ba. Sannan ka tada mota ka ɗora mitar gwajin wuta a kan batir tana silo, in kaga bolt tsakanin 13.5 da 14.5 tana caji, in ta tsaya a 12 da 'yan kai to sai a sauke altanetar a duba gawayinta.